Kifin da ya ɗauki sunan Kiyawa da 'yan'uwansa uku

Duk wanda ya bar Jos a watan Maris ya gangara arewa ta Ningi zuwa ƙasar Jigawa zai yi ta wuce tafkunan da suka ƙafe a gefen hanya. Baƙar laka ta tsattsage kamar bayan kunkuru, sawun shanu ya daskare a ciki, nan da can busasshen kashin awaki. Ba wanda zai dubi wurin ya ce da kifi a ciki. Amma a wasu daga cikin irin waɗannan tafkuna, ƙarƙashin ɓawon lakar kaɗan, akwai ƙwai masu rai, kowanne bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, suna jiran ruwan Yuni. Iyayen da suka saka su sun mutu tun kaka. Wannan ba dabarar gaiwa ba ce, wadda ke naɗe kanta cikin laka ta yi ta cin jikinta har damina ta dawo. A nan babban kifi ko ɗaya ba ya tsira, zuriyar kaf tana cikin ƙwai. Shi ya sa idan tafki ya cika, bayan 'yan makonni yara suka ga ƙananan kifaye a ruwan da bai haɗu da kowane kogi ba, sai ka ji ana cewa daga sama suka faɗo tare da ruwa.

Turawa na kiran irin waɗannan kifaye da danginsu kilifish, daga wata kalmar mutanen Holan da ke nufin ƙaramin rafi. Masunta ba su damu da su ba, don kifin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ba ya shiga miya, kuma ramin koma ma ya fi ƙarfinsa. A cikinsu akwai wani ɗan gida mai nau'i huɗu kacal da ake kira Pronothobranchius, kuma babban wan gidan sunansa daga ƙasar Hausa ya fito.

Sunan kimiyya kalma biyu ne. Ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'in shi kansa, gidaje da yawa kuma su taru su zama dangi. A 1928 wani Bajamushe masanin kifi, Ernst Ahl, ya bayyana wani ɗan kifi da aka kamo daga kogin Kiyawa kusa da Katagum, ya sa masa suna Fundulus kiyawensis, wato na Kiyawa. A wancan zamani gidan Fundulus tamkar ɗakin shirgi yake, duk ƙaramin kifin da ya yi kama da juna daga Afirka ko Amurka can ake jefa shi. Yau an bar wa kifayen Arewacin Amurka wannan suna. A 1969 Alfred Radda, mutumin Ostiriya, ya ware wa kifin Kiyawa sunan Pronothobranchius. Don haka a littattafai za ka ga an rubuta Pronothobranchius kiyawensis (Ahl, 1928), kuma bakan da aka sa sunan Ahl a ciki ba ado ba ne. Alama ce cewa kifin ya tashi daga gidan da mai sunan ya fara ajiye shi. Inda babu baka, yana nan a gidansa na fari.

Dangin ma sun sauya. An daɗe ana lissafa su cikin Cyprinodontidae, sai Lynne Parenti ta yi wa ƙungiyar duka garambawul a 1981 ta kai su Aplocheilidae. Yanzu na nahiyar Afirka suna Nothobranchiidae, an bar Aplocheilidae ga na Asiya da Madagaska da tsibiran Seshel, na Kudancin Amurka kuma suna Rivulidae. Wanda ya ɗauko tsohon littafi a ɗakin karatu ya ga wani suna daban, kada ya ɗauka wani kifi ne.

Sauran ukun ga yadda suka zo. A 1933 Svensson ya bayyana gambiensis daga kogin Gambiya. A farkon shekarun 1970 Loiselle da Blair suka bayyana seymouri daga filayen da ke kusa da Akara a Gana, su kuma a gidan Aphyosemion suka fara sa shi. Daga baya masana da yawa suka ce ai duk abu ɗaya ne, kifi guda ne da ya bazu daga Gambiya har tafkin Cadi. Ƙa'idar sanya suna ta ce tsohon suna shi ke ci, kuma 1928 ta girmi 1933, saboda haka kiyawensis ya haɗiye sauran. Haka aka zauna shekaru da dama, sai a 2013 Stefano Valdesalici, ɗan Italiya, ya sake duba gidan. Ya dawo wa gambiensis da seymouri da matsayinsu, ya kuma bayyana na huɗu, chirioi, daga Jamhuriyar Nijar, wanda ya ci sunan Laurent Chirio, Bafaranshen da aka fi sani da binciken macizai da ƙadangaru.

Mutum zai iya cewa wannan gardamar malamai ce, kifin bai san an sauya masa suna ba. Gaskiya ne bai sani ba, amma lissafin da ake yi a kansa ya sauya, kuma da lissafin ake yanke hukuncin ko a kula da shi. Ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa, tana da ma'aunai, ɗaya daga ciki na faɗin mazauni ne. Ana auna shi ta hanya biyu. Ta farko a zagaye duk wuraren da aka taɓa samun halittar da layi ɗaya a auna abin da ke ciki. Ta biyu a shimfiɗa taswira mai gidajen dara, kowane gida kilomita 2 a kan 2, a ƙirga gidajen da halittar ke ciki da gaske. Idan zagayen bai kai murabba'in kilomita 20,000 ba, ko faɗin gidajen a haɗe bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba, an shiga matakin rauni. Ƙasa da 5,000 ko 500, matakin haɗari. Ƙasa da 100 ko 10, haɗari mai tsanani, wanda daga shi sai ɓacewa. Ƙanƙantar wuri kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da wasu sharuɗɗa biyu, misali wuraren ba su wuce 10 ko 5 ko 1 ba gwargwadon matakin, kuma mazaunin yana ci gaba da lalacewa.

To duba abin da rabon 2013 ya yi. Kifin da ake ganin ya mallaki Sahel daga teku zuwa Cadi, wanda in ya ƙare a Gana ana iya cewa ai yana nan a Najeriya, ya zama huɗu, kowanne da 'yan tafkunansa. Na filayen Akara yana zaune ne a bakin birnin da kullum ke cin ƙasa da gini, kuma in ya tafi babu wani a Katagum da zai maye gurbinsa. A ganinmu raba su ya fi haɗe su amfani ko da wata rana wani bincike zai sake haɗa biyu daga ciki, domin kuskuren rabawa ana gyara shi a takarda, kuskuren haɗewa kuwa sai bayan tafkin ya zama fili ake gane shi.

Abin da ke kashe su ba kamu ba ne. Tafkin ne ake taɓawa, kuma yawanci da rani, lokacin da ba wanda ya san akwai mai rai a wurin. Ana cike kududdufi a yanka fulotai. Ana yashe lakar a buga tubali, ƙwan ya tafi cikin bango. Ana shigar da garma a yi noman rani a gindin tafki, ƙwan da ke buƙatar danshin ƙasa ya fito sarari rana ta gasa shi, ragowar kuma maganin feshi ya same su a ruwan farko. Madatsun ruwa sun sauya yadda ambaliya ke malala a fadamun Haɗeja da Jama'are: an gama Tiga a 1974, Challawa a 1992, kuma tafkin da ke jiran kogi ya tumbatsa kafin ya cika ba lallai ya samu a kan lokaci ba. Akwai kuma wadda ba a cika tunaninta ba, wato kyautatawa. Idan aka zurfafa tafki don ya riƙe ruwa duk shekara, ko aka zuba masa tarwaɗa da karfasa, an gama da kifin shekara, wato irin wannan da rayuwarsa ba ta wuce damina ɗaya. Ƙafewar nan ita ce garkuwarsa, ita ke kashe manyan kifayen da za su cinye shi.

Ƙwan kansa abin mamaki ne. John Wourms ya bayyana a 1972 cewa ɗan tayin irin waɗannan kifaye na iya tsayawa cak a matakai uku: tun kafin jiki ya fara tsaruwa, sannan bayan an shata kashin baya da zuciya, sannan bayan ya cika tsaf yana jiran ruwa. Tsayawa ta biyu ce ta fi tsawo, ita ke ratsa rani. Kuma ƙwan uwa ɗaya ba sa farkawa tare. Wasu na shirye da wuri, wasu na jinkiri, ta yadda idan ruwan farko ya yaudare su ya ɗauke, ba duka aka yi asara ba. Manomin da ya taɓa shuka a ruwan Mayu ya sake shuka a Yuni ya san wannan lissafi. Bayan ƙyanƙyashewa kuwa gudu ake yi da lokaci. Ɗan'uwansu na Zimbabuwe da Mozambik, Nothobranchius furzeri, yana balaga cikin mako biyu zuwa uku, ya tsufa cikin 'yan watanni, shi ya sa masu binciken tsufa suka rungume shi.

Mu da ke Jos ba mu da wannan kifi a bayan gida, amma muna da maƙwabcinsa, kuma sunan garinmu ya yi nisa ta dalilinsa. Fundulopanchax gardneri, wanda Boulenger ya bayyana a 1911, yana zaune a ƙananan rafuka da fadamun Binuwai da Kuros Riba. A 1963 Stenholt Clausen, ɗan Denmak da ya yi aiki a Ibadan, ya bayyana nigerianus, wanda wasu ke ɗauka reshe ne na gardneri, wasu kuma nau'i mai zaman kansa. Masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka da Japan suna riƙe da zuriyoyinsa da sunan wurin da aka kamo kakanninsu, Makurdi, Lokoja, Misaje ta Kamaru, da kuma Jos Plateau. Namiji yakan kai santimita 6, jiki shuɗi-shuɗi kore-kore da ɗigon ja kamar an yarfa masa lalle, gefen wutsiya sama da ƙasa rawaya, a wasu kuma fari-shuɗi. Mace launin ƙasa ce, ɗigonta ƙanana. Nan matsalar take: matan zuriyoyi daban-daban kusan ba a bambance su da ido, kuma namijin Makurdi ba zai ƙi macen Misaje ba. 'Ya'yan farko sukan fito lafiya, a jikoki ne ƙwai ke fara lalacewa, don adadin kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke cikin jiki, ya bambanta tsakanin wasu zuriyoyin, abin da Jørgen Scheel ya sha nunawa da gwajin haɗa su. Saboda haka zuriya ɗaya akwatin kiwo ɗaya, raga ɗaya, tuntun saka ƙwai ɗaya. Kifin da takardarsa ta ɓace ya zama na kallo kawai, kada a sake laƙaba masa sunan wuri da ka.

Da gardneri ya kamata mai sha'awar kiwon kilifish ya fara, don yana yafe kuskure. Akwatin gilashi mai lita 20 zuwa 30 ya isa namiji ɗaya da mata biyu. Murfi dole ne, ba tare da ko ƙaramar kafa ba, don suna tsalle, kuma mafi yawan wanda ya rasa gardneri a bayan kabad yake tsintarsa a bushe. Ruwan famfo a bar shi a buɗe kwana biyu ko a sa maganin kashe kulorin. Zafi digiri 22 zuwa 25. Wurin saka ƙwai tuntu ne na zaren saƙa na roba: a naɗa shi a jikin littafi kamar sau 80, a ɗaure gefe ɗaya, a yanke ɗayan, a tafasa, a maƙala masa ɗan abin da zai sa ya yi iyo. Duk kwana biyu a ciro, a matse, a tsince ƙwan da yatsa. Ƙwai mai kyau yana da tauri, ba ya fashewa, garai yake kamar ɗigon man gyaɗa. Wanda ya yi fari ya mutu, a fitar da shi kafin furfurarsa ta kama na kusa. A ƙaramar roba mai ruwa santimita 2, suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 14 zuwa 21.

Na shekara irin Pronothobranchius da Nothobranchius ba sa saka ƙwai a tuntu, ƙasa suke nema, kuma na Kiyawa da 'yan'uwansa an san su da wuyar riƙo. Namiji na da zafin nema, yana iya bin mace har ta mutu, don haka mata uku ga namiji ɗaya da wurin ɓuya mai yawa. A madadin laka ana amfani da garin ɓawon kwakwa, wanda masu renon furanni da irin tumatir ke sayarwa a dunƙule kamar bulo. Yakan zo da gishiri, wani ma da taki, don haka a ɗauki marar taki, a jiƙa, a tafasa minti 10, a zubar da ruwan, a maimaita, a ɗauraye har ruwan ya daina yin shayi. A zuba kaurin santimita 2 zuwa 3 a roba mai murfi, a huda murfin da faɗin da kifi zai shiga, a sa dutse a ciki don ta nutse. Kada abinci ya faɗa ciki, ruɓewarsa ke kashe ƙwai. Bayan mako ɗaya ko biyu a juye garin a raga mai laushi, a matse, a baza kan jarida har ya kai danshin dambu: in ka dunƙula ya riƙe, in ka taɓa ya warwatse, ruwa ba ya ɗiga. A ɗaure a leda da iska kaɗan, a rubuta sunan nau'i da wuri da ranar kwashewa da fensir a takarda a jefa ciki, a sake rubutawa a waje, don tawadar biro na gogewa.

Daga nan sai jira, galibi wata biyu zuwa huɗu a digiri 24 zuwa 26, kuma nan ne yanayin Jos ke shiga maganar. Garin na kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, da dare a Disamba da Janairu sanyi na sauka ƙasa da digiri 15 sosai. Sanyi yana tura ƙwai cikin dogon barci, sai wata huɗu ya wuce ba abin da ya motsa, mai shi ya zubar da gari mai rai. A ajiye ledojin a cikin kular abinci a ɗakin da ake kwana, nesa da taga da siminti, da ma'aunin zafi a ciki. Wanda ke Abuja matsalarsa akasin haka ce: zafin Maris da Afrilu na sa ƙwai ya tsallake barcin ya cika da wuri, in ba a duba ba ya ƙone ƙarfinsa ya mutu a cikin ɓawo. Don haka kalanda ba ta isa ba, ido ake dubawa. Daga mako na shida, duk mako biyu a buɗe leda a baza ɗan gari a ƙarƙashin fitila, a nemi ƙwai da madubin ƙara girma. Idan ka ga idanu biyu baƙaƙe da zobe mai ruwan zinariya suna kallonka, lokaci ya yi.

A zuba garin a faranti mai zurfi, a kwarara ruwa mai ɗan sanyi, digiri 18 zuwa 20, zurfin santimita 3 zuwa 5, a murmushe dunƙulen. Cikin 'yan awoyi za a ga 'ya'ya. Washegari a kwashe su da cokali, a sake busar da garin, a jiƙa bayan mako uku, don masu jinkirin nan suna ciki. Idan 'ya'yan suka fito suna jan ciki a ƙasa ba sa iya tashi, jakar iskarsu ce ba ta cika ba, kuma yawanci an jiƙa ne da wuri ko an makara. Abincin farko atimiya ce mai rai, wato 'ya'yan wata ƙaramar halittar ruwan gishiri da ake sayar da ƙwanta a bushe. A kula, wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka fi sayarwa an ɓare ta, ba ta ƙyanƙyashewa, 'ya'yan kilifish kuwa abin da ke motsi suke bi. A nemi mai ɓawo, a sa gishiri giram 25 zuwa 30 a lita ɗaya ta ruwa, a ba ta iska, cikin awa 24 zuwa 36 ta fito. Manya na son tsutsar sauro, wadda ba ta wuyar samu da damina. Cutar da ta fi ɗauke su ita ce wadda ke sa jiki ya yi kamar an barbaɗa masa ƙurar zinariya, fiffike ya manne, kifi ya yi ta goga jiki. Gishiri cokalin shayi ɗaya a kowace lita 5 yana rage ta, haka ma sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwa duk mako.

Sai dai akwatin gilashi ba shi ne babban abin da wannan gida ke buƙata daga gare mu ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne sanin inda suke, don taswirar gidajen darar nan da rahoton wanda ya je wurin ake cika ta. Lokacin nema Agusta zuwa farkon Oktoba, a tafkin da ya ƙafe da rani, mai laka da ciyawa a baki, zurfin gwiwa zuwa ƙugu. A fara gaida mai unguwa ko sarkin ruwa a faɗi abin da ya kawo mutum. Ragar hannu mai ƙananan idanu ake turawa cikin ciyawa a ɗaga. A sa namiji a ƙaramin gilashi mai faɗin gefe a ɗauki hotonsa nan take da fiffike a buɗe, don bambancin nau'o'in huɗu ya dogara sosai ga zanen launin namiji, launin kuwa yana dusashewa cikin mintuna in kifi ya tsorata, ya ɓace gaba ɗaya a cikin maganin adana samfuri. A ɗauki lambar wurin daga waya, a rubuta rana da zurfi da irin ƙasa da sauran kifayen da suka shigo ragar. In za a ajiye samfuri don wata jami'a ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, a fara yanke ɗan gefen fiffike na dama a jefa a sinadarin itanol mai kashi 95 don gwajin DNA, sannan jikin ya shiga fomalin, maganin hana ruɓewa, mai kashi 10 na kimanin mako ɗaya, a ɗauraye, a mayar itanol mai kashi 70. In aka fara da fomalin, DNA ɗin ya lalace. Gefen hagu a bar shi lafiya, a kansa ake ƙirga ɓawon jiki da tsinkayen fiffike. Biyu ko uku sun isa daga tafki ɗaya, sauran a mayar da su inda aka ɗebo su.

A ragar za a iya ganin wani ɗan siriri mai ido yana walƙiya shuɗi kamar fitila. Wannan Poropanchax normani ne, ba kifin shekara ba, danginsa ma daban. Shi ma Ahl ne ya sa masa suna a 1928, daga kogin Kiyawa ɗin nan dai, kuma yau ana sayar da shi a shagunan kifin ado a ƙasashe da yawa.